Ɓuntun Inna Kulu

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau inji ya tashi. Yaya Bashir ya danna shi, ya yi tari sau biyu kamar tsoho mai mura, sai ga gawayi yana fitowa baƙi ƙirin, dogo-dogo. Wata bakwai ina zana abin nan a takarda. Yaya shi ya haɗa injin da ragowar ƙarafan da ya tsinto a Bompai, inda yake aikin gyaran injina, kuma tun ran farko yake cewa ba zai tashi ba.

Malamin da ya koyar da mu a taron bitar masu ƙananan sana'o'i ya ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya faru a sana'arsa kullum. To ga shi na fara. Sana'ata gawayi ne daga ɓuntun shinkafa. Tifa tana ɗauko ɓuntun daga wani kamfanin shinkafa a Sharada, ta juye a filin da na kama a Challawa, bayan wani tsohon kamfanin fata. A ƙona a duro, a niƙa, a kwaɓa da sitacin rogo, inji ya matse, a shanya.

Ya kamata in ce yau ina farin ciki, kuma ina yi. Sai dai da muka cinna wa duron farko wuta, wani ƙauri ya tashi irin na tuwon da ya kama tukunya. Yaya ya ce tsakin shinkafar da ke cikin ɓuntun ne yake ƙonewa. Na sani, ba sai ya gaya min ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Na bi direban tifa zuwa Sharada. Ya biyo ta bayan kamfanin, abin da ban so ba.

Ƙofar baya a rufe take da sabon kwaɗo. Shekara goma sha shida ƙofar nan a buɗe take daga safe zuwa azahar. Mata su shiga da faifai da ƙwarya, su sheƙa ɓuntun da aka zubar, su bakace, su fitar da tsakin shinkafar da inji ya bari. Wata ta ci, wata ta sayar wa masu tuwo. Ummata, Allah ya ji ƙanta, a tsibin nan ta ciyar da mu. Ni ma ina 'yar shekara goma sha biyu nake zuwa bayan makaranta, ina riƙe mata bakin buhu, ido ya yi ja, jiki ya yi ta ƙaiƙayi.

Yau na gan su zaune a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar. Sun kai goma, kowace da faifanta a cinya. Inna Kulu tana cikinsu, aminiyar Umma, wadda ta goya ni ta kuma yi wa Umma wanka ranar da ta rasu. Kwana tara ke nan da rufe ƙofar, amma kullum sai sun zo.

Na sunkuya a gaban mota kamar ina neman takalmina. Direba ya ce, "Hajiya, wani abu ya faɗi ne?" Na ce eh.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Duro huɗu muka ƙona. Ƙaurin nan har a mayafina.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan La'asar

Na je gidan Inna Kulu a cikin Sharada. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, a nan ta zauna tun zamanin mijinta. Na same ta tana ɗinke bakin faifanta da ya warware.

"Lale da 'yar Ladidi," in ji ta. Ba ta taɓa kirana Zulaihat ba, kullum da sunan Umma take haɗa ni. "An ce inji ya tashi. Allah ya sa albarka."

Na ce amin. Na zauna a tabarma. Sai bakina ya buɗe da kansa, na ce, "Inna, na ji abin da kamfani ya yi muku. Wallahi ban ji daɗi ba. Ni ɓuntu kawai na nema, su ne suka ga damar rufe ƙofa."

Ta ɗago ta dube ni, ta koma kan ɗinkinta. Ta ce, "To, ai ƙofarsu ce."

Can ta ba ni labarin ɗanta Alhassan, wanda yake noma a ƙauyensu wajen Ringim. Ya bugo waya ya ce tunda sana'a ta tsaya, da zarar ruwan shuka ya sauka zai zo ya tafi da ita. Ya ce ba zai bar uwarsa a birni tana jiran abin hannun mutane ba.

"Ni kuwa ba na son tafiya," in ji Inna. "Shekara talatin ina garin nan. Kabarin Malam yana nan, na uwarki yana nan. Can in je in zauna a ɗaki ana miƙo min kwano kamar marar lafiya? Ban taɓa kwana da abincin da ba hannuna ya nemo ba."

Na ce Allah zai kawo mafita. Sauƙin faɗa gare ta, kalmar nan.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Mai tsiren da ya karɓi buhun farko ya dawo min da shi. Ya zazzage a gabana, rabi ya zama gari. Ya ce, "Hajiya, wannan ai kwalli kika sayar min." Yaya ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga baya da ya ga fuskata ya daina.

Na buɗe littafin bita, na bi awo ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai yake a takarda. Gawayin kuwa kana taɓa shi yake marmashewa.

Wani sashe na zuciyata ya ce alhaki ne. Na ce masa ya yi min shiru, sitaci ne bai ji ba.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Na ƙara sitaci. Ya sake farfashewa. Hadari ya taso ta gabas, ya watse bai zubar ba, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har masu aikina biyu suka waiwayo. Sun ɗauka don gawayin da ke shanye nake yi.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan Azahar

Inna Kulu ta zo Challawa. Yaya ne ya gamu da ita a hanya ya ba ta labarin gawayin da ke zama gari, ita kuwa ta hau adaidaita sahu biyu ta zo, da rana tsaka.

Ba ta ko zauna ba. Ta sa hannu a kwaɓin, ta murza, ta yi tsaki.

"Da ruwan sanyi kika kwaɓa?"

Na ce haka littafi ya ce.

"Littafin ya taɓa dama koko? Tafasa ruwa. Ki dama sitacin sai ya yi yauƙi ya canja kala, sannan ki zuba. In ya fito kuma kada ki kai shi rana kai tsaye, tsagewa zai yi. Ya yini a inuwa tukuna ya sha iska."

Muka yi yadda ta ce. Ta ɗauki guda ɗaya da ya fara bushewa, ta jinjina a tafin hannu, ta ce, "Jibi ki jefa shi a ƙasa, in ya fashe ki zo ki same ni."

Bari in rubuta abin da ban faɗa a taron bita ba. Ranar da aka ce kowa ya tashi ya faɗi dabarar sana'arsa, na tashi na faɗi wannan, aka tafa min. Ban ce tun ina yarinya nake ganin Inna Kulu tana cura ƙonannen ɓuntu da ragowar koko tana girki da shi ba, lokacin da itace ya gagare su ita da Umma. Ita take cewa da za a samu mai matse shi da inji, da an huta da sare itatuwa. Ta faɗa, ta ci gaba da sheƙarta. Ni na je makaranta na samo masa suna.

Da za ta tafi ta tsaya a gaban tsibin ɓuntun da tifa ta juye. Ta dumbuza, ta hura a tafinta, sai ga tsaki fari tas ya rage. Ta ce, "Wannan tifar kaɗai za ta yi kwano ashirin." Ta zuba abin da ke hannunta a bakin zaninta ta ƙulle.

Na ce, "Inna, ina nan ina yi wa manajan kamfanin magana, taurin kai gare shi." Karo na biyu ke nan da na yi mata ƙarya. Ban taɓa yi masa maganar ba.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Na jefa shi a ƙasa, bai fashe ba. Mai tsire ya gwada ya ce a kawo masa buhu biyar, ya kuma turo masu shayi biyu. Malamin bita ya bugo ya ce in zo wata mai zuwa in yi wa sababbin ɗalibai jawabi a kan yadda ake mayar da tunani ya zama aiki. Na ce to.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Na sayi shinkafa 'yar gwamnati da mai da taliya na aika wa Inna da direba. Ya dawo ya ce ta yi godiya, a gabansa ta kira matan unguwa ta raba musu, ba ta ɗauki ko ƙwaya ba. Ta ce a gaya min ita ƙalau take.

Na ji haushinta. Wallahi na ji. Mutum ya yi abin kirki a ƙi bari ya samu sauƙi a ransa. Da na rubuta wannan na karanta, sai na ga wa nake son ya samu sauƙin.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Yau Yaya ya kwance injin yana sa masa giris, ina riƙe masa sifana. Ya ce, "Wai ni Zulai, me ya sa manajan nan ya kori matan? Shi da ya san Umma."

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Sai na faɗa masa, kuma tunda na faɗa wa mutum bari in faɗa wa takarda.

Ranar da na je sa hannu a takardar ɗibar ɓuntu a ofishin manajan, shi da bakinsa ya ce, "Matan nan fa? A bar su su yi sheƙarsu da safe, tifarki ta ɗauka da yamma." Malam Isyaku mai gadin ƙofar baya yana tsaye a bakin ofis, ya kawo makullai. Ni kuwa Yaya ya riga ya gaya min cewa yashi shi ne maƙiyin injin, yana cinye ƙarfen da ke matsawa. Matan in sun sheƙa, a ƙasa ɓuntun yake zuba ya kwashi yashi. A bita kuma an yi ta nanata mana cewa mai sana'a ba ya haɗa tausayi da aiki, ka kare kayan aikinka tun daga tushe. Ina son manajan ya ga ba 'yar riƙon buhun da ya sani ba ce a gabansa. Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, ina son sa kamar yadda ya fito daga inji. Kada kowa ya taɓa."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Ya rubuta a takardar, ya dubi Malam Isyaku ya ce daga Litinin a rufe.

Yaya ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallona. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

Ya ce, "Yashi? Saboda yashi? Ai tamfol za a shimfiɗa musu su sheƙa a kai."

Tamfol. Wata bakwai ina zane da lissafi, ban taɓa tunanin tamfol ba. Ko kuwa ban so in yi tunaninsa ba, Allah ne masani.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan Azahar

Na koma wurin manaja. Na ce na canja shawara, a buɗe ƙofa, ni zan sayi tamfol.

Ya yi murmushi ya ce in leƙa ta taga. Magina ne suke jera bulo a inda ƙofar take, sun kai layi na huɗu. Ya ce mai kamfanin ya daɗe yana son a toshe ta, shi ne yake ta ba shi haƙuri saboda matan. Da takardata ta iso teburinsa, sai ya samu hujja. "Ni na tambaye ki, Hajiya," in ji shi. "Sau biyu ma."

A bakin babbar ƙofa na ga Malam Isyaku, an dawo da shi can. Na durƙusa na ce, "Malam, kun yini lafiya?" Ya ce lafiya lau, yana kallon titi. Da can sai ya tsayar da ni ya tambayi Yaya, ya tsokane ni da maganar miji.

Gindin darbejiya mata huɗu suka rage. Ba Inna a cikinsu.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Na sayo tamfol biyu manya a kasuwa. Tunda ba a shiga can, su zo nan filina su sheƙa kafin a ƙona. Tifar da ke ɗauko ɓuntu ta ɗauko su da safe, in ta koma ta mayar da su. Direba ya yi gunaguni, ya yarda.

Na samu Jummai, wadda ita ce kamar shugabarsu bayan Inna, na gaya mata. Ta ce wasu sun riga sun kama wankau, wasu sun koma tsintar roba a bola, amma za ta faɗa musu. Ta ce, "Kin gaya wa Inna Kulu?" Na ce yanzu zan je.

Na je har bakin lungunsu. Na hango rumfarta. In na shiga da maganar tamfol, za ta tambaye ni me ya sa sai yanzu, ni kuma ban shirya amsar ba. Na ce gobe.

Lahadi, 25 ga Mayu, da rana

Ban je ba. Masu shayi sun zo karɓar kaya. Gobe.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan La'asar

An yi ruwa. Tun azahar ake yi kamar da bakin ƙwarya, kwatocin Challawa sun cika sun tumbatsa da baƙin ruwan kamfanonin fata. Da tamfol ɗin da na saya wa matan muka rufe gawayina.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Da sassafe na tafi. Na tarar da a-kori-kura a bakin lungu, Alhassan yana ɗora gado. Ashe tun jiya da ya ga hadari ya kamo hanya daga ƙauye. Ya gaishe ni da fara'a, har yana yi min murnar kamfani.

Inna tana zaune a kan tabarma a ɗakin da ba komai, tana naɗe tsummokara. Na durƙusa. Na fara da tamfol, da tifa, da yadda za a ɗauko su a mayar. Ina ta zuba kamar mai talla. Na ce, "Inna, ki ce masa ya sauke kayan. Gobe ma za a fara."

Ta ce, "Na riga na sallami ɗakin. Mai gida ya ba wa wasu, jibi za su tare. Yaron nan kuma ya baro gonarsa ranar shuka saboda ni, ba zan mayar da shi hannu biyu ba."

Sai na faɗa. Na ce, "Inna, ba kamfani ba ne. Ni ce. Manaja ya ce a bar ku, ni na ce kada kowa ya taɓa."

Ba ta daina naɗin da take yi ba.

"Na sani, 'yar Ladidi. Isyaku ya gaya min tun ranar da ya sa kwaɗon. Kuka yake yi, tsoho da shi."

Na ce, "Kin sani kika zo kika gyara min kwaɓi?"

"To in bar shi ya lalace? Shekara nawa ina cewa a matse shi da inji, ga 'yata ta matse." Ta ɗaure ƙullin, ta ajiye. "Na yi ta jira ki zo ki ce, Inna ga abin da na yi, yaya za mu yi. Da tun a satin farko ni zan ce miki tamfol, ai a kan buhuna muke sheƙawa in ƙasa ta jiƙe. Kin zo kin zauna a nan kin ce kamfani. Na je wurinki kin ce manaja. Sai na ce to, bari in ƙyale ta, kada in ba ta kunya."

Na yi kuka har Alhassan ya leƙo ya koma. Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta faɗa sau uku, kuma na san da gaske take. Ban ji sauƙin komai ba.

Da za ta shiga mota ta ciro faifan nan da na tarar tana ɗinkewa. Ta ce na Umma ne, ita ta bar mata. "Can ba ɓuntun shinkafa, gero suke yi, kuma surukata tana da nata." Ta miƙo min. Ta ce in gaida Bashir, in kuma daina barin gawayi a rana ran farko.

Alhamis, 29 ga Mayu, da hantsi

Mata shida suka zo a tifa. Mun shimfiɗa tamfol, Yaya ya dumbuza ɓuntun da suka gama da shi ya murza, ba yashi ko kaɗan. Duron yau bai yi ƙauri ba.

Malamin bita ya turo saƙo yana tambayar taken jawabina. Ban ba shi amsa ba.

Sun jera kamar yadda suke jerawa a Sharada, sai suka bar gurbin Inna a tsakiya, wurin da iska ta fi kyau. Ba wadda ta matsa. Na ɗauko faifan Umma na tsaya a can gefe. Hannuna ya manta, rabin tsakin yana bin iska. Jummai ta ce, "Hajiya, kawo in yi miki." Na ce ta bar ni.

Zuwa yanzu na tara abin da bai kai rabin kwano ba. In ya cika zan ba wa direban motar Ringim ya kai mata. Ban sani ba ko za ta ci ko za ta rabar.